Malam Isiyaku da Jaruminsa Mai Rufaffiyar Fuska

Ranar Talata da hantsi, ina shagona a Kakuri ina tace bidiyon wani biki, sai Malama Rakiya, matar Malam Isiyaku, ta kira ni. Ba ta ja magana ba. Ta ce, "Malam Bala, Allah ya yi wa yayanka, maigidana, rasuwa." Na yi salati, na ci gaba da kallon amarya tana rawa a allon kwamfuta. Na Allah muke, kuma ya riga mu komawa gare shi.

Malam Isiyaku darakta ne, mazaunin Makera. Ni mai tace hoto ne da bai taɓa shiga ajin sana'ar ba. Daga ƙananan littattafan da ake shimfiɗawa a bakin titi na koya, shi ya sa har yau nake aiki cikin fargabar kuskure. Shi ne ya fara damƙa mini fim sukutum. Idan na nuna masa hular jarumi ta karkata dama a wata fitowa, hagu a ta gaba, ba ya yi mini dariya kamar sauran daraktoci. Yakan ce, "Tunda ka gani, wani ma zai gani," sai a sake ɗauka. A wurin aiki kuwa ba ya kai loma baki sai masu riƙe fitila sun ci.

Ya yi finafinan soyayya da dama don ya ciyar da iyali, amma burinsa guda ne: fim ɗin jarumi mai ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam, irin na Turawa da yaranmu ke kallo a waya, sai dai ɗan Kaduna. Jarumin yakan bayyana ne idan ruwa ya yi ambaliya a unguwar Romi, ya tsamo mutane, fuskarsa a rufe. Abokinsa Oga Obinna, mai gyaran jikin mota, ya ƙera masa marufin fuskar da hannunsa.

Na raka shi wurin furodusoshi da yawa, kuma ba zan zarge su ba, domin tsoronsu yana da tushe. Wani ya ce idan mutum ya tashi sama da irin kayan aikinmu, waɗanda suka saba da na ƙasashen waje za su mayar da mu abin dariya. Wani ya ji tsoron a ce tsafi ake tallatawa. Alhajin da ya fi saurarensa kuwa a kan fuska ya tsaya.

"Malam Isiyaku, mu fuska muke sayarwa," in ji shi. "Mutum ya ga jarumin da yake so a fastar talla, ya kalla. Kai kuma ka kawo mini murfin tukunya! Wane jarumi zai yarda ya gama fim ba a gan shi ba? Wai ma Musulmi ne ko Kirista?"

"Ai shi ya sa na rufe, Alhaji. So nake Musulmin Tudun Wada su ce nasu ne, Kiristocin Sabon Tasha ma su ce nasu ne."

"To a buɗe fuskar lokacin waƙa mana."

"Ba ya waƙa, ranka ya daɗe. A cikin ruwa yake."

Alhaji ya yi dariya har da share hawaye, ya sa aka kawo mana lemo, ya ce zai yi tunani. Shekaru suka wuce yana tunanin. Malam Isiyaku bai taɓa aibata shi ba. Cewa yake, "Shi ma tsoro yake ji, Bala, kuma ban iya cire wa mutum tsoro ba."

Alhajin ya zo zaman makoki, ya yi kuka na gaskiya. A gaban dangi ya ce zai shirya fim ɗin da sunan marigayi, ni zan jagoranta tunda na san labarin daga farko har ƙarshe. Sharaɗinsa bai canza ba: fuska a buɗe, da waƙoƙi. Da na shiga yi wa Malama Rakiya sallama, ta ce daga bayan labule, "Malam Bala, ko yaya ne dai a ga sunansa. Yaran nan su ga abin da ubansu ya bari."

Idan na ƙi, labarin zai tsufa a bakina ya mutu tare da ni, na kuma hana marayu abin nunawa. Idan na yarda, zan rubuta sunansa a kan abin da ya ƙi har ya koma ga Mahaliccinsa. Na juya al'amarin ta kowace fuska, ban ga mafita ba.

Ya Allah, ka gafarta wa bawanka Isiyaku, ka yalwata kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka sanyaya zuciyar Malama Rakiya, ka raya zuriyarsa cikin rufin asiri, ka ba Oga Obinna da sauran abokan aiki juriyar rashi. Ni kuma, ya Ubangiji, Alhaji yana jiran amsata bayan addu'ar arba'in. Ka sanar da ni abin da zan faɗa masa, domin ban sani ba.