Jarkar da Na Runguma Daga Kabo Zuwa Kano

Duk abin da zan manta a duniya, ba zan manta ranar da na shiga mota rungume da jarkar fitsari ba, ina fara'a kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

A shekarun da aka fara Shari'a ne. Yayata da ke aure a Gwarzo ta kumbura, fuska da ƙafafu, likita a Kano ya ce ƙodojinta duka biyu sun gaza. Da ya ce mutum na iya rayuwa da ƙoda ɗaya idan akwai ɗan'uwan da zai bayar, ban bari ya rufe baki ba na miƙe.

"Zauna tukuna," ya ce yana dariya. "Sai mun ga ko naka biyun suna aiki."

Ya bayyana mini cewa ƙoda kamar rariya take. Jini na ratsa ta ba hutu, ta tace dattin ta tura shi cikin fitsari, ta mayar wa jiki ruwa da gishirin da yake bukata. Akwai wani datti da tsokar jiki ke fitarwa kullum, shi za su auna a jinina, su kuma auna a fitsarina na wuni da kwana. In ya yi kaɗan a jini, ya fito sosai a fitsari, to rariyar lafiyarta lau. Ya miƙo jarka ya ce, "Ko ɗigo kada ya zube."

Na tara a gida, na kama hanya. Kusa da ni a motar maƙwabcinmu ne, wani malamin makaranta Kirista ɗan Filato. Ba mu yi nisa ba wasu samari masu binciken giya suka tsayar da mu. Idon shugabansu ya faɗa kan jarkar, ya dubi malamin.

"Malam, taka ce?"

"Ni? Tun da muka taso nake roƙonsa ya matsar da ita!"

Shugaban ya ce a buɗe, in giya ce a tuntsurar. Na ƙanƙame ta. "Don girman Allah kada ka zubar! Ran yayata ne a ciki!" Ya sunkuya ya shinshina, ya ja da baya yana tari. Mota ta kaure da dariya. Da na ba shi labari sai ya ɗaga hannu ya yi wa Yaya addu'a, fasinjoji har da malamin suna cewa amin.

Ranar da sakamako ya fito, likitan ya ce ƙodojina na tace jini kamar na ɗan kokawa. Kabbarar da na yi sai da ta fito da ma'aikatan jinya daga ɗakunansu. Na ruga wajen Yaya ina haki. Ta kama hannuna ta ce, "Auta, kai da ko allura ba ka so?" Aka ƙarasa sauran gwaje-gwaje, aka yi aikin, ta tashi. Ta aurar da 'ya'yanta da hannunta, ta goya jikoki.

Abin da na koya shi ne, kada ka raina lafiyar da ke aiki a jikinka shiru ba ka ji. Je ka auna ta tun tana nan, don wata rana ba kai kaɗai za ta ɗauka ba.