Fim ɗin da Tasalla Ba Ta Ɗanɗana Ba

A Danja in ka ce Tasalla mai markaɗe ba sai ka ƙara bayani ba. Ita ce wadda in ka gaishe ta sai ta dube ka sama da ƙasa, ta gano abin da ya kawo ka, sannan ta amsa. Mace ce mai kirki, wannan ba musu, maƙwabta ba su taɓa kwana da yunwa tana da tuwo a tukunya ba. Amma yarda da maganar mutum, a'a, wannan ta daɗe da barin ta a Gozaki.

A Gozakin aka haife ta. Tana 'yar shekara shida mahaifinta ya rasu, aka ɗauke ta aka kai ta gidan gwaggonta har aka share makoki, da ta dawo aka ce mata ya tafi ci-rani Kurmi. Haka ake yi a lokacin, kuma har gobe akwai gidajen da suke yi: a ce zuciyar yaro ba za ta ɗauka ba, a bari sai ya yi wayo. Tasalla ta riƙa fita bakin hanya duk lokacin da ta ji ƙugin mota, damina ta wuce, wata ta zo. Wata sa'arta ce, suna faɗa kan 'yar carafke, ta watsa mata cewa ubanta yana maƙabartar bayan gari, kowa ya sani sai ita. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne wannan "kowa" ɗin. Tun daga ranar, in aka ce mata ruwa ne a kofi sai ta sunsuna.

Da ta yi aure Malam Manu ya kawo ta Danja. Manomin tumatir ne da rake, mutum mai sanyin hali, shi ya saya mata injin markaɗe. Daga baya ta haɗa sola da 'yar talabijin a rumfar tsakar gida, don matan da ke jiran layi su daina gulma su kalli wani abu. Gulmar dai ba a daina ba, amma an samu kallo. Ƙanenta Shitu, mai tura finafinai a waya a Funtuwa, shi yake aiko mata da memori ta hannun direbobin bas. In fim ya zo da fassarar Hausa, shi ke nan. In bai zo da ita ba, Tasalla ce mai fassara. Ba ta jin Indiyanci, ba ta jin Turanci, amma fuska take karantawa, kuma mata sun fi son tata fassarar don tana haɗawa da zagin mugun cikin fim.

Tana da ƙa'ida guda da ba ta karyawa. Kowane fim sai ta kalle shi ita kaɗai da hantsi kafin ta saka wa mutane. Ɗanɗane take kiran abin. Ta ce ba ta zuba wa baƙo miyar da ba ta lasa ba, balle abin da Shitu ya aiko, yaron da ko sallamarsa sai an bincika.

Bara, bayan girbin masara, maƙwabciyarta Rabi'atu ta rasu wajen haihuwa a wani asibiti a Funtuwa, ita da abin cikin. Ta bar yarinya ɗaya, Aisha Humaira, 'yar shekara bakwai. Kakar yarinyar ta wajen uba, wadda ake kira Tsohuwa tun tana goye har ta zo ta cim ma sunan, ita ta yanke hukunci. Aka kai Humaira Malumfashi gidan dangi har aka gama zaman makoki. Da ta dawo aka ce mata uwarta ta tafi Matazu wajen danginta, tana jinya. Tsohuwa ta hana a taɓa ko tsinke a ɗakin mamaciyar, don kada yarinyar ta ga sauyi. Sannan ta bi gida-gida da sandarta tana karɓar alkawari. Da ta zo kan Tasalla ta daɗe a zaune.

"Ke na fi tsoro," in ji ta. "Na san bakinki."

Tasalla ta so ta ce wannan abin da ake shirin yi zalunci ne, ita ta san ɗacinsa. Amma ta dubi idon tsohuwar, ya kumbura da kuka, ga hawan jini yana cin ta, sai ta ce, "Na yi alkawari, Iya. Ba daga bakina za ta ji ba."

Aka shiga kakar tumatir. Wanda ya san Danja ya san wannan lokacin ba na zama ba ne. Tun safe robobi suke layi a ƙofar Tasalla, ga abincin masu tsinka a gonar Malam Manu. Rannan wani direba ya miƙo memori daga Shitu, ya ce wai sabo ne, na mutanen Sifen. Mata suka ji, suka ce ai ƙasar ƙwallon nan ce da take hana 'ya'yansu zaman gida, yau sai sun ga yadda matan can suke. Tasalla ta ce ba ta ɗanɗana ba. Suka matsa. Ta gaji, hannunta duk attarugu, bayan azahar ta kashe inji ta ce da wata ta zura memorin.

A gaba-gaba, kan tabarma, Humaira tana zaune da ƙwaryar waken da Tsohuwa ta aiko ta da shi.

Fim ɗin ba waƙa, ba rawa, ba faɗa. Wani ƙaton gidan dutse ne a busasshiyar ƙasa, da wani tsoho mai tsohuwar rigar soja, makullai na reto a ƙugunsa. Sai wata mata mai tari, da 'yarta ƙarama mai gajeren gashi. Tasalla ta fara fassara yadda ta saba, har ta laƙaba wa tsohon suna Mai Makullai, aka yi dariya. Can sai matar ta kwanta. Can sai ga maza huɗu cikin baƙaƙen kaya sun fito da dogon akwati daga ɗakinta, yarinyar tana leƙe ta bayan ƙofa.

Tasalla ta ji idanun mata a jikinta, ta ga ƙeyar Humaira ba ta ko motsi. Kashewa a daidai nan tona asiri ne. Bari kuma ya fi muni. Sai ta ji bakinta yana cewa, "Kun gani, kayanta ne ake fitarwa. Za ta garinsu jinya. Su can haka akwatunan tafiyarsu suke."

Ba wadda ta yi dariya. Tasalla ta ji kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba, don maganar da aka yi mata a Gozaki ce ta fito daga bakinta.

Fim ya ci gaba. Tsohon ya kulle ɗakin matar, ya sa aka janye kujerarta daga wajen cin abinci. Duk wanda ya buɗe baki kamar zai ambace ta, sai ya ƙwanƙwasa tebur da makulli, kowa ya sunkuyar da kai. Ita kuwa yarinyar kullum da safe sai ta ɗauko takalman uwarta ta jera a ƙofar ɗakin da aka kulle. Tasalla ta yi ta kame-kame, har ta samu dabara ta ce batir ya yi sanyi, ta kashe. Aka markaɗa wa Humaira wakenta, ta karɓi ƙullunta ta tafi.

Fitarta ke da wuya rumfa ta kama da magana. Hajiya Barakatu, shugabar matan wata jam'iyya a unguwar, ta gyara ɗaurin kallabi ta ce ita tun farko jikinta bai ba ta ba. "Fim ba waƙa ba dariya, ana saura 'yan watanni zaɓe? Wannan tsohon da wa ake nufi? A kira Shitu."

Aka kira shi, aka sa a amsa-kuwwa. Ya ce shi ma bai kalla ba, amma wanda ya ba shi ya ce siyasa ce a lulluɓe. Wai a can ƙasar wani soja ya daɗe yana mulki, an kashe mutane an hana danginsu ko ambatonsu, to gidan nan shi ne ƙasar, tsohon shi ne gwamnati.

"Ba na faɗa ba?" in ji Barakatu. "'Yan adawa ne suka aiko shi."

Suwaiba, wadda mijinta ya bar gonarsa ta bakin daji don tsoron 'yan bindiga, ta ce a hankali, "To in siyasa ce ai ba su yi ƙarya ba, Hajiya. Mu ma ana ce mana komai lafiya."

Nan aka rabu biyu. Wasu suka ce Barakatu ce mai ganin kowace inuwa ɗan adawa. Wasu suka ce fim ɗin Nasara dai ba a rasa wata manufa a cikinsa. Amma akwai maganar da ta fi yawo a ƙasa-ƙasa, ita ce ta isa kunnen Tsohuwa kafin la'asar.

Ta shigo ko sallamar kirki babu. "Da gangan kika yi," in ji ta. "Ke da ba kya saka fim sai kin ɗanɗana, yau ne kika manta? Kowa ya san labarinki na Gozaki. Kin yi alkawari ba za ta ji daga bakinki ba, shi ne kika sa Turawa su gaya mata."

Tasalla ta rantse. Tsohuwa ba ta yarda ba, kuma Tasalla ta san da ita ce ma ba za ta yarda ba. Abin ya ci ta ƙwarai. Ta zargi Shitu, ta zargi direban, ta zargi matan da suka matsa mata. Har ta zauna tana zargin kanta, ko can cikin ranta ta so hakan ya faru.

Washegari da hantsi, ba kowa a rumfa, sai ga Humaira da 'yar robar tumatir. Ta gaishe ta, ta ajiye, ta tsaya tana wasa da bakin hijabinta.

"Inna Tasalla, jiya kin yi kuskure a fassara."

"Wane kuskure?"

"Matar nan ba tafiya ta yi ba. Rasuwa ta yi. Ba ki ga takalmanta ba? Ai ba a tafiya a bar takalmi."

Tasalla ta dubi fuskar yarinyar, ita da take taƙama da karanta fuska, ta kasa gane komai.

"Na Ummana ma suna ƙarƙashin gado," in ji Humaira. "Masu duwatsun nan na zuwa unguwa, da mayafinta mai ruwan toka. Ba ta zuwa ko Funtuwa sai da su, balle Matazu. Tun ranar da na dawo daga Malumfashi na gan su."

Ta waiwaya ta dubi ƙofa, sannan ta matso kusa ta rage murya.

"Amma don Allah, Inna, kada ki gaya wa Tsohuwa. Ita ta ɗauka Matazu ta tafi. Kullum sai ta ce min ta kusa dawowa, sai in ce to. Kin san tana da hawan jini."

Yarinyar tana jiran amsa, irin jiran da kakarta ta yi a wannan wurin.

"Ki yi alkawari," in ji Humaira.

Tasalla ta jawo ta ta ɗora a cinya, ƙatuwar yarinya, ƙafafunta na taɓa ƙasa. Da ɗayan hannun ta miƙa ta tayar da inji ba tare da ta zuba komai a ciki ba, don kada a ji kukansu daga gidan Tsohuwa.