Rijiyar da Muka Cike da Hannunmu

Garinmu yana yamma da Tabla, kuma rijiya ɗaya gare shi tun zamanin kakanni. Wata shekara masu furoje, wato ma'aikatan raya karkara, suka zo daga Filinge, suka ce wata ƙasar Turai ta turo taimako, za a haƙa mana foraj, wato rijiyar burtsatse, mai aiki da hasken rana. Suka gama aune-aunensu, suka ce ruwan yana dab da tsohuwar rijiyar, kuma in ba a cike ta ba ƙasa za ta rufta da injinsu. Wai mu ɗan sha a garin maƙwabta kafin su gama.

A ƙasarmu ta Kurfai ba a rufe rijiya haka kawai, akwai iskar da ke zaune ciki. Gwaggona ce babbar 'yar bori a garin, kuma da fari ta ƙi. Har gida mata suka yi ta binta da lallashi, sai da ta yarda. Aka yanka baƙar akuya, aka kaɗa goge, ta roƙi iskar ta koma gindin wani gawo a bayan gari. Maza suka cika ramin da duwatsu suna waƙa. Kowa ya san wurin da aka sallami iska ba a sake tona shi.

Injin bai iso ba sojoji suka karɓe mulki a Yamai. Muka ji a rediyo wai waccan ƙasar Turai ta dakatar da taimako don kare haƙƙin ɗan'adam. Haƙƙin wa? Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Wanda ya yi juyin mulkin famfo gare shi har banɗaki, mu da ba mu taɓa riƙe bindiga ba mu aka hora da ƙishirwa.

Direban furojen ya dawo kwashe bututai, Gwaggo ta tare shi.

"Ɗana, mi munka yi musu?"

"Inna, ba ku ba ne, rigimar manya ce."

"To su riƙe rijiyarsu, su maido muna tamu."

Ya sunkuyar da kai, ya ta da mota.

Turawa sun yi nisa, sojoji ba su taɓuwa, sai fushin gari ya sauka kan Gwaggo, wai ita ta kori ruwa. Matan da suka lallashe ta su suka daina gaishe ta. Da idona na gan ta a rijiyar maƙwabta, ta cika jarka tana dube-dube, ba wadda ta matso ta ɗora mata.