Injin da Ke Kan Kariya

Shekara arba'in da ɗaya Mai Agogo yana zaune a bakin kasuwa, bayan wani akwatin gilashi da aka tokare ƙafarsa ɗaya da bulo. Ba wani shahararre ba ne. In agogo na gyaruwa ya gyara, in ya mutu murus ya faɗa maka gaskiya. Abin da aka fi saninsa da shi kekensa ne, baƙi, tsoho, kuma kullum da safe matarsa na kan kariya, wato mazaunin bayan keken, ta zauna a kaikaice, ta riƙe gefen rigarsa da yatsu biyu. Yakan sauke ta a makarantar da take shara ya wuce. 'Yan kasuwa kan ce ga direba ya ajiye uwar ɗakinsa.

Bara ɓarin jikinta na dama ya shanye. Babban ɗansu ya ɗauke ta zuwa gidansa a sabuwar unguwa, don matar ɗan ma'aikaciyar jinya ce. Shawara ce mai kyau, ba wanda ya musa. Sai dai unguwar mil bakwai ce, akwai tudu a tsakani, motar haya ba ta shiga, shi kuwa Mai Agogo gwiwoyinsa sun gama aiki. Sau ɗaya ya gwada da keke, ya sauka a rabin tudun ya juyo. Ɗan yakan zo ran Lahadi ya kai shi a mota. Awa ɗaya ake ba shi, a awar ma ɗan na tsaye bakin ƙofa yana kaɗa makulli. An ce ya koma can da zama, ya ƙi. Ya ce in ya rufe gidan, ita ina za ta dawo?

Sauran kwana shida yakan yi su ne da agogon bango goma sha ɗaya waɗanda masu su ba su zo karɓa ba. Da, takan ce ƙararsu za ta haukata ta. Yanzu suna ta yi ba mai tanka musu. Takalminta na nan bakin ɗaki. In yana shara sai ya ɗaga, ya share ƙarƙashi, ya mayar.

Wata rana ya ga wani ɗan inji a wurin mai walda, na feshin gona ne da aka jefar a lungu. Mai walda ya ce ya ɗauka, ai ya rage masa shara. Mai Agogo bai taɓa buɗe abin da ya fi tafin hannu girma ba, amma ya shimfiɗa farin ƙyalle a tsakar gida, ya wargaza injin, ya jera noti da noti kamar yadda ya saba, ya maƙala gilashinsa a ido yana goge fulogi da buroshin haƙori. Sati uku kafin injin ya yi tari. Ya zana yadda yake so a bayan kwali: a ɗora injin a kan kariya, a sa masa wani naɗin ƙarfe da zai danne tayar baya yana juya ta. Mai walda ya liƙa masa yadda ya zana, bai tambayi komai ba. Tanki kuwa tsohuwar butar ƙarfe ce.

Ranar gwaji ya hau daga gangaren ƙofar gidansa. Keken ya gangara, injin ya kama, iska ta cika masa riga. Bai yi nisa ba ya hango mai nama, abokinsa na ƙuruciya, ya matse birki don su gaisa. Taya na tsayawa injin ya mutu. Ba ya kuma tashi sai an taka feda da ƙarfi, ƙarfin da ba shi da shi. Da ƙafa ya turo abinsa gida.

Mai walda ya yi dariya har da riƙe ciki. "Baba, ina abin da zai raba injin da taya in za ka tsaya? Ko jaki ma ana ce masa tsaya."

"Ni agogo na sani," in ji Mai Agogo. "Wa ya taɓa kawo mini agogo ya ce in koya masa tsayawa?"

Mai walda ya ce a ba shi sati biyu ya ƙera masa hannun da zai riƙa ɗaga injin. Mai Agogo ya ce wata takwas yana jira, ya isa.

Ran Laraba da hantsi ya gangara. Mutumin da kan ɓata minti goma yana tambayar iyali da gajiya, ranar da hannu ya gaida kasuwa kaf. Wasu suka ce girman kai ya zo da inji. A tudun nan injin ya yi ta kuka kamar zai fashe, shi kuma yana lallashinsa, har suka haye. Sai a ƙofar gidan ɗansa ya matse birki.

Surukarsa ta fito tana tambayar wa ya kawo injin niƙa ƙofar gida. Da ta gan shi ta durƙusa ta gaishe shi, ta koma ta turo tsohuwar a kujerarta. Tsohuwar ta dube shi, ta ce da bakinta da ya karkace ai yau ba Lahadi ba ce. Ya ce ya sani. Ta ce yana warin fetur. Ya ce ya sani. Ya zauna a dakali kusa da ita, ya riƙe hannun nan da ba ya motsi, ba mai kaɗa makulli.

Can ta kafa wa keken ido. Ta daɗe tana kallon injin, mai na ɗiga daga jikinsa bisa ƙarfen kariya.

"Malam," ta ce, "a wurina ka ɗora shi."

Sati biyar yana aikin nan, abin bai taɓa faɗo masa a rai ba. Ya ce za a mayar da shi gaba, ƙarƙashin sirdi, mai walda ya iya. Surukar ta buɗe baki za ta yi maganar likita, sai ta fasa. Duk su ukun sun san wadda ba ta iya riƙe kofi ba za ta zauna a kariya ba.

"To a goge man nan," in ji tsohuwar. "Zai ɓata mini zane."

La'asar na yi maƙwabcin gidan ya tura shi har injin ya tashi. Washegari Mai Agogo ya sake zuwa, jibi ma haka. Tun ranar akwai tsumma a aljihunsa, kuma in ta yi gyangyaɗi yakan tsuguna gefen keken, gwiwa na ƙara, yana auna ƙarƙashin sirdi da tsinken tsintsiya.