Jiragen da Na Saya da Sunan Inna

Ni ɗan Shanga ne, a gonar gero na tashi. Da na gama makaranta na samu aikin akawu a wata ƙungiyar masunta a Yelwa. Ana kawo tallafin injin jirgi da koma, wato ragar kamun kifi, ni ke rabawa. Na fara da ɓoye koma ɗaya, babu wanda ya tanka. Daga nan na raina kowa, na shiga ƙirƙiro masuntan da ba a haifa ba ina karɓar rabonsu.

Da kuɗi suka taru sai 'yan cin arziki suka kewaye ni. Wani mai baki kamar lauya, wanda ko ƙofar kotu bai sani ba, ya ce in sayi jiragen fito in sa sunan mahaifiyata, wai ba a binciken tsohuwa. Na ɗauki shawararsa, don wauta ta riga ta cika ni. Jiragena suka riƙa jigila tsakanin Yelwa da Wara.

Ranar da masu bincike suka zo da odar kotu, dariya na yi musu. Suka rufe asusuna na banki, suka ɗaure jiragen a bakin ruwa, kotu ta ce mai su ya zo ya faɗi inda ya samo kuɗin, in ba haka ba gwamnati ta ƙwace. Mai su kuwa a takarda Inna ce, matar da tsoron ruwa bai taɓa barinta ta taka kwalekwale ba.

Na je na roƙe ta ta ce gado ne. Ta dube ni ta ce, "Gadon wa? Ubanka jaki guda ya bari. Kai wanga yaro, rantsuwa kaka so in yi bisa ƙarya?"

Haka ta faɗa wa alƙali, cewa ba gado ba ne. Aka ƙwace jiragen, aka ɗaure ni. 'Yan cin arzikin ko ruwa ba su kai mini ba.

Na fito, na tuba, na koma gona. Samari, kada wani sakarai ya ce muku dukiyar sata na ɓuya bayan sunan wani. Doka tana tambayar dukiya asalinta, kuma wanda ka sa sunansa shi ake fara kira. Tun daga nan in Inna ta shiga kasuwa sai a riƙa tsokanarta da "Hajiya mai jirage". Ta daina zuwa.