Tutar Ɗalhatu a Gasar Faifai

Mijin yayata sunansa Ɗalhatu. A gida Baban Kamila muke ce masa, amma yau zan kama sunansa tsaf, in ya ji haushi ya same ni a kantin maganin da nake aiki a unguwar Deira ta Dubai. Mutumin Funtuwa ne, gajere mai faɗin kafaɗa, yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito a Dubai Investments Park. Da ya zo ƙasar nan a masaukin leburori na Sonapur ya fara zama, gado bisa gado, da mazan da ba sa jin yaren juna. A hankali Allah ya buɗa masa, ya kama ɗan gida a Abu Hail, ya ɗauko Yaya Mariya da 'yarsu Kamila. Ni ma a wurinsu na sauka da na zo, kuma har yanzu ban tashi ba, duk da habaicin da yake mini a kan shayin safe.

Duk Bahaushen da ke layinmu da suna ɗaya ya san shi, Ɗalhatu Faifai. Sunan ya samo asali ne daga wani wasa da ake ce wa golf ɗin faifai. Faifan roba ne kamar murfin tukunya, a jefa shi daga nesa, a bi shi a sake jefawa daga inda ya faɗi, har ya shiga wani kwandon ƙarfe da aka rataya wa sarƙoƙi. Wanda ya zagaye kwandunan da jifa mafi ƙaranci shi ya ci. A wurin wasu abokan aikinsa 'yan Filifin ya fara gani, suna jifa cikin tsohon duro lokacin hutun rana. Ya yi musu dariya har ya gaji, sannan ya bi su kallon gasa wata Lahadi, shi ke nan bai sake zama mutum ba.

Kada wani ya ɗauka ya iya jifan. Ranar da ya gwada a gabanmu, faifan baya ya yi, ya kusa fasa fulas ɗin Yaya Mariya. Shi ɗan kallo ne, kuma bai taɓa jin kunyar faɗa ba. Yana cewa tun yana yaro a filin dambe ya gane kallo ma aiki ne, akwai wanda ya iya, akwai wanda bai iya ba.

In 'yan kasuwar Kano suka taru shan shayi a ƙasan gininmu, sai su tsokane shi don su ji bakinsa.

"Ɗalhatu, wai da gemunka ka je kallon jifan murfi?"

"Habibi, ba ka sani ba ne," zai ce, ya ajiye kofi. "A ƙwallo kana can sama, ɗan wasa kamar tururuwa. Nan kuwa gwanin duniya yana gabanka, kana jin numfashinsa. In ya tafi ka bi shi, kuna taka ciyawa ɗaya. Sai ka ga faifai ya tashi ya yi dama, ka ce ya ɓata, sai ya karkato ya zagaye bishiya ya dawo kamar an kira shi. In ya daki sarƙa kuwa, wallahi ƙarar nan har cikin ƙirji. An gama, ɗan wasan ya zo ya ba ka hannu. A ina za ka samu haka? Khalas, magana ta ƙare, ku zauna nan da container ɗin kayanku."

Ni dai a lokacin ina bayan 'yan kasuwa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne dokokinsa guda biyu, waɗanda yake maimaita wa duk wanda ya yi kuskuren bin sa kallo. Ta farko, in ɗan wasa ya tsaya zai yi jifa, ko tari ya zo maka ka haɗiye. Ta biyu kuwa ita ce babba: faifai in ya faɗi, ko a kan ƙafarka ne, kada ka taɓa, domin daga nan mai shi zai sake jifa. Har Kamila ta haddace, tana kwaikwayon muryarsa in ya ba da baya.

Shekara da shekaru yana bin gasa, yana taimakawa da jan igiya da kwashe robobin ruwa, ba wanda ya sa shi. Bana da sanyi ya shigo, aka shirya babbar gasa wadda ƙwararru za su zo daga ƙasashen waje, sai masu shiryawa suka ba shi tuta. Aikin mai tuta shi ne ya tsaya inda bishiyoyi suka kare wa 'yan wasa gani, ya ɗaga kore in faifai ya faɗi cikin fili, ja in ya fita, kuma ya tsare shi daga 'yan kallo. Ranar da ya shigo da tutocin nan gida, kai ka ce sarauta aka ba shi. Na tsokane shi, amma a raina na taya shi murna, don na san ya daɗe yana so.

A daidai lokacin kuwa gidan ba daɗi. Wansa, Alhaji Sharfuddeen, yana wurinmu. Shi ya riƙe Ɗalhatu tun rasuwar mahaifinsu, kuma shi ya yi masa hanyar zuwa Dubai. Ɗan kasuwar atamfa ne a Kwari ta Kano, mutum mai murya, wanda in ya zo lodin kaya a da, daga bakin layi ake sanin ya iso. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi ta dama, aka kawo shi magani. An samu sauƙi, bakinsa ya dawo, ƙafar tana ja amma tana tafiya da sanda. Likitoci suka ce saura nasa ne, ya riƙa fita yana tattaki, ya riƙa tilasta wa hannun aiki.

Alhaji ya ƙi. Ko masallacin ƙasan gini ba ya sauka, don kada mutanen da suka san shi da ƙarfinsa su gan shi yana jan ƙafa. Hannun dama kuwa ya sa shi a aljihun jallabiya kamar ba nasa ba, da hagu yake cin abinci yana istigfari. Ga bizarsa ta kusa ƙarewa. Na ji Ɗalhatu yana gaya wa Yaya Mariya a kicin, murya ƙasa-ƙasa: "In ya koma Kano a haka, ɗaki zai shiga ya rufe, ba mai iya fito da shi. Na san Yayana."

Ana gobe gasa Ɗalhatu ya durƙusa gaban Alhaji bayan la'asar.

"Yaya Alhaji, gobe ka zo mu je. Ba wanda ya san ka a wurin. Kuma kowa sama yake kallo, ba mai lokacin kallon ƙafar wani. Tafiyar ma shwaiya shwaiya ce, a yi kaɗan a tsaya."

"Da girmana in je kallon wasan yara?"

Ɗalhatu ya shiga murza gefen tabarma. Can ya ce, "Ni dai ban taɓa samun wani abu a ƙasar nan da aka ce ga shi an ba ni don na cancanta ba sai wannan. Baba ba ya nan. In ba ka gan ni da tutar ba, wa zai gani?"

Alhaji ya kawar da kai. Da safe muka tarar ya riga kowa shiryawa, har da turare.

Filin a wani lambu yake a bayan gari, ciyawa shar, da bishiyoyi masu kama da gawo. Ɗalhatu ya wuce wurin aikinsa, ya bar mu da Alhaji, ni da Yaya Mariya. Na ɗauko masa kujerar naɗewa, ya harare ni, na rataya abata a kafaɗa. Da farko ya ja hula har gira, yana tafiya yana satar kallon mutane ko suna kallonsa. Ba wanda ya ko juyo. Turawa, Indiyawa, 'yan Filifin, Larabawa da 'ya'yansu, kowa ya ɗaga kai yana bin faifai da ido. Ni kaina da na zo don in yi dariya, da na ga wani ya jefa faifai ya ratsa tsakanin bishiyoyi biyu kamar zare a allura, sai na ji na ce "Kai!" da ƙarfi, har wata mata ta ɗora yatsa a baki. Kafin mu wuce 'yan kwanduna, Alhaji ya fara sharhi. "Wannan gaggawa gare shi," in ji shi. "Wancan dogon shi ne mai hankali."

Dogon wani Bature ne ɗan ƙasar Finland, shi ke kan gaba a gasar. Muna biye da su har muka iso kwanar da Ɗalhatu yake. Yana tsaye ƙyam, tuta a kowane hannu, ya haɗe fuska kamar bai san mu ba. Alhaji ya tsaya ya dube shi sosai, ya gyaɗa kai.

Aka yi tsit, dogon ya jefa. Faifan ya taho da kyau, sai ya shafi reshe, ya faɗo ya gangaro a gefensa har bakin igiyar da muke tsaye, ya kwanta a gaban takalmin Alhaji. Ɗalhatu ya ɗaga kore.

To, a inda muka fito, kayan baƙo ba ya faɗuwa a gabanka ka tsaya kallonsa, balle mutum irin Alhaji da ya tsufa yana karɓar baƙi a shago. Duk dokokin da aka karanta masa a mota sun bi iska. Hannun hagunsa yana kan sanda. Sai na ga na daman ya fito daga aljihu.

Na buɗe baki zan ce masa ya bari. Ɗalhatu yana kusa da mu, kalma ɗaya ta ishe shi ya tsayar da komai, kuma aikinsa ke nan. Ya juyo ya yi mini wani kallo, ya girgiza kai. Na rufe bakina.

Alhaji ya sunkuya a hankali, sandar tana rawa. Yatsun suka taɓa faifan, ya kuɓuce, suka sake laluba gefensa har suka kama. Ya miƙe da shi. Mutane suka ɗauki "a'a, a'a" da harsuna iri-iri, shi kuwa ko a jikinsa. Ya ɗaga igiya da gwiwar hannu ya shiga fili, yana jan ƙafarsa a gaban jama'ar nan duka, ya nufi dogon da ke tahowa, ya miƙa masa.

"Ga abinka, bawan Allah."

Baturen ya tsaya sororo, sannan ya sa hannu biyu ya karɓa.

Shugabar gasar, wata mata mai hular rana, ta iso da sauri. Aka mayar da faifan inda ya faɗi, ba a ci ɗan wasan tara ba, amma hankalinsa ya riga ya rabu, jifansa na gaba bai yi kyau ba. Matar ta ja Ɗalhatu gefe, suna Turanci, ina jin su. Ta tambaye shi ko bai ga abin da ya faru ba. Ya ce ya gani, ba wanda ya kai shi gani. Ta ce to me ya hana shi magana? Ya ce, "Wana ne. Hannun nan ko cokali bai ɗauka ba tun da ya kwanta ciwo." Ta juya ta dubi Alhaji. Ta ce ta gane, kuma ta taya shi murna, amma ba za ta iya barin mai tutar da ya ga za a taɓa faifai ya yi shiru ba. Ɗalhatu ya ce gaskiyarta, shi ma da shi ne haka zai yi. Ya naɗe tutocin da kyau ya miƙa mata, sannan ya je ya ba Baturen haƙuri.

Ban taɓa jin girman mijin yayata kamar lokacin da ya tsallako igiya ya dawo cikinmu hannu wofi ba. Yaya Mariya tana share ido da gefen mayafi.

Alhaji ya gane an yi ɓarna. "Ɗalhatu, na ɓata maka aiki ko? Ka faɗa mini a mota, na manta."

"Khalas, Yaya, ba komai. Ni tambaya ɗaya gare ni. Da wane hannu ka ɗauka?"

Alhaji ya sunkuyar da kai ya dubi hannunsa. Yana nan a waje, yatsun a ɗan lanƙwashe, da ɗigon ciyawa a babban yatsa. Ya daɗe yana kallonsa, yana buɗewa yana rufewa kaɗan-kaɗan. Bai mayar da shi aljihu ba.

"Saura kwanduna da yawa?" ya tambaya.

"Da sauran tafiya, Yaya. Ko a buɗe maka kujera?"

"Wa ya ce maka na gaji? Yalla, kada su bar mu a baya."

A kwando na gaba dogon ya tsaya daga nesa, aka yi tsit, ya saki faifai ya tafi kai tsaye ya daki sarƙa. Wuri ya ɗauki tafi. Alhaji ya miƙa mini sandarsa, ya jingina da kafaɗar ƙaninsa, ya ɗaga hannayensa biyu ya fara tafawa. Tafin ba ƙarfi, hagu ce ke zuwa ta sami dama. Kowa ya gama, ɗan wasa na gaba har ya tsaya zai yi jifa, Alhaji bai daina ba. Ɗalhatu Faifai, wanda ya yi shekaru yana hana mu tari, ya tsaya ƙyam yana riƙe da wansa, hawaye na bin gemunsa, bai ce masa ya yi shiru ba.