Baba Tsoho da Firjin Hajiya

Ku da kuka san Baba Tsoho kun san ba ya fita sai da tasta. Sauran tsofaffi carbi ne ke leƙowa daga aljihunsu, shi kuwa kakanmu ɗan sukundireban nan ne mai kawo haske in ya taɓa wuta. In ya je gidan suna, kafin ya gama gaisuwa ya soka ta a soket ɗin zaure. Wallahi har kankana na ga ya taɓa da ita a kasuwar Maigatari. Masinja ya yi a ofis har ya yi ritaya, bai taɓa koyon aikin wuta ba, amma da hannunsa ya ja wayar tsohon sashen gidanmu na Gumel tun babana yana goye.

A bazarar bara soket-soket ɗin sashen suka mutu gaba ɗaya. Ƙwan fitila na ci, sabon sashe lafiya lau, amma ɗakuna uku na tsohon sashe ko cajin waya babu. A cikinsu har da ɗakin Hajiya, kakarmu, inda firjin da take ajiye allurar ciwon suga yake. An gaya mata a asibiti in maganin ya sha zafi ya lalace, kuma kun san zafin Gumel: kaza sai ta yi ƙwai dafaffe.

Aka ce a fito da firjin, ya ƙi fita, don bayan ya shiga ne Baba Tsoho ya rage faɗin ƙofar. Aka ce a jawo waya daga sabon sashe, ya ce awaki za su cinye. Aka ce a kai maganin makwabta, Hajiya ta ce ita ba za a yi tallar ciwonta a unguwa ba. Sai muka ɗaure shi a leda muka sa a randa.

Ranar farko Baba Tsoho ya buɗe akwatin fis, ya ciro fis ɗin, ya hura masa iska, ya mayar.

"Uwata, je ki duba firjin." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Baba, shiru."

"Ba ki duba da kyau ba."

"Firji ne fa, ba jinjirin wata ba."

Ya yanke hukunci cewa masu wuta ne suka aiko mana da rabi, suka riƙe rabi.

Rana ta biyu Baffa Nasiru, ƙanen babana, ya kawo mai gyara, wani Haruna daga Gagarawa. Baba Tsoho ya tare shi a zaure.

"Shekararka nawa?"

"Ashirin da shida, Alhaji."

"Wayar gidan nan ta girme ka. Ka gaishe ta?"

Haruna ya yi dariya, ya yi bayani cikin ladabi: a irin tsofaffin gidajen nan waya ɗaya ce take bi daga soket zuwa soket, in na farko ya ƙone duk na bayansa sun mutu. Ya tambaya wane ɗaki ne ya fi kusa da mita.

"Nawa ne," in ji Baba Tsoho, "kuma lafiyarsa ƙalau. Sha ruwa ka gaida gida."

Ni kuwa na san abin da ke ɗakin. A Maigatari ya sayo wata hitar dafa ruwa mai filogi irin na Nijar, ƙafa biyu zagayayyu, wanda ba ya shiga soket ɗinmu sai an danna ramin sama da wani abu. Shi da guntun asawaki yake dannawa. Da ita yake dafa shayi a ɓoye, sukari cokali huɗu, alhali ya yi wa Hajiya alkawarin ya bar sukari don ya taya ta. Rabin kofi yake ba ni in yi shiru. Na sha, ba zan yi ƙarya ba.

Rana ta uku da azahar Hajiya ta sa hannu a randa, ta ce ruwan ya yi ɗumi. Ba ta yi faɗa ba. Ta riƙe ledar kawai tana juya ta, ta ce, "To, Allah ya sa dai yana da sauran amfani."

Baba Tsoho ya daɗe yana kallonta. Can ya tashi ya shiga ɗakinsa, muka ji yana jan buhun gero. Ya fito da hitar a hannu, ya ajiye ta a gaban Hajiya kamar an kama ɓarawo.

"Nasiru, kira yaron nan."

Haruna ya zo ya kwance soket ɗin da ke bayan buhun. Baƙi ƙirin, waya ta narke, ga guntun asawaki ya zama gawayi.

"Alhaji, wa ya sa wannan?"

"Kai gyara aka kira ka, ko alƙalanci?"

Kafin la'asar firji ya fara gurnani. Hajiya ta mayar da maganinta, sannan ta ɗaga hitar ta shinshina.

"Cokali nawa?"

"Biyu."

"Huɗu," na ce.

"Uwata, ke ma fa kin sha."

Hajiya ta kulle hitar a akwatinta. Shi kuma ya jawo tabarma ya zauna kusa da firjin har aka kira magariba, jim kaɗan ya buɗe ya taɓa kwalbar, jim kaɗan ya sake, har Hajiya ta ce in bai bari ba shi zai kashe sanyin.

Da damina ta tsaya ya kwanta, kwana biyar ya rasu. Hajiya tana nan da sauƙi, kuma yanzu ni nake miƙo mata allurar kowace safiya, da sanyinta. Allah ya jiƙan Baba Tsoho, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya masa makwanci. Amin.